Idan Ƙasa Ta Motsa: Me Ke Bisa Kanku?

Assalamu alaikum jama'ar Gusau, Ƙaura Namoda, Talata Mafara, da duk inda kuke kallonmu.

Na san wani zai ce girgizar ƙasa ai ta su Turkiyya da Japan ce, ina ruwan Zamfara? Yana da gaskiyarsa, Allah ya sawwaƙe mana, yankinmu ba ya kan gaɓar da manyan faifan duwatsun ƙarƙashin ƙasa suke gogayya. Amma fa ƙasa ta motsa a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016, ta kuma motsa a unguwar Mpape ta Abuja a watan Satumban 2018, har mutane suka fito daga gidaje a firgice.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne na Maroko. A daren 8 ga Satumba, 2023, girgiza mai ƙarfin maki 6.8 ta afka wa ƙauyukan tsaunin Atlas, kusan mutum 3,000 suka rasu. Ku dubi irin gidajen da suka rushe. Ginin ƙasa ne, tubali da laka, da rufi mai nauyi a bisa itace, kamar dai gidajen kakanninmu. Bango da rufi ne suka danne mutane a cikin ɗakunansu.

To, maigida, tashi mu zaga gidanka. Fara da gindin katanga, inda ruwan indararo yake zuba. In ya zaizaye har hannu na shiga, bangon nan a tsaye kawai yake. Shiga ɗaki ka ƙwanƙwasa azara. Idan ta yi ƙarar holoƙo, gara ta gama da cikinta. Ga soron da ake ƙara wa yaɓe duk shekara, nauyi na ƙaruwa, azarar kuwa tana nan tun ta marigayi. Tsagar da ta taso daga kusurwar taga ko ƙofa, kada a shafe ta da farar ƙasa a ce an gyara, a kira magini. Duwatsun da aka danne kwano da su saboda iska, a sauke su a buga ƙusa. Wannan gyaran ko ƙasa ba ta taɓa motsawa ba, zai tsare ku daga rushewar gini a tsakiyar damina, wadda ita kam mun sha ganinta.

Mai sabon ginin bulo kuma, kada ka yi rowar siminti da rodi. A zuba ginshiƙi a kowace kusurwa, linta ta zagaye ginin gaba ɗaya ta ɗaure shi.

Uwargida, saura ɗakinki. Kabet ɗin jere, da tangaran da samiru a sama, a ɗaure shi da bango. Akwatuna masu nauyi su sauko ƙasa. Don Allah a duba inda jariri yake kwana, kada a bar komai a saman kansa, ko madubi ko agogon bango.

Idan abin ya zo fa? Ba ya daɗewa, sau da yawa ko minti guda ba ya cikawa. A cikin gini mai ƙarfi, durƙusa, shige ƙarƙashin tebur, kare kai da wuya, ka riƙe ƙafar teburin har ta lafa. In kana gado, zauna nan ka rufe kai da matashi. Kada a yi rububin matakala. Amma ɗakin ƙasa mai rufin soro daban ne: in ƙofa na kusa, fita da sauri zuwa fili, nesa da katanga da rumbu da falwayar lantarki. Mai girki ta rufe tukunyar gas da zarar ta samu dama, in kuma an ji warin gas, kada kowa ya ƙyasta ashana.

Bayan ta lafa takan sake dawowa, don haka kada a koma ɗakin da ya tsage don ɗauko kaya. Shi ya sa ake son jaka guda a rataye kusa da zaure: tocila, ruwa, maganin da tsofaffi ke sha, katin ɗan ƙasa, takardun gida, da usur. Wanda gini ya danne, ya rufe hanci da gefen riga ko mayafi, ya riƙa buga ƙarfe ko busa usur, domin ihu yana cinye ƙarfi kuma ƙura na shiga ƙirji. Lambar neman agaji ita ce 112.

Yau bayan sallar isha'i, tara iyali a tsakar gida. Ku tsayar da wurin haɗuwa, filin makaranta ko filin idi. A faɗi wanda zai ɗauki jariri, da wanda zai riƙo hannun kaka. Sannan ku sa yara su gwada fita daga ɗaki zuwa wurin, fitila a kashe.