Sharhi: Tsuke bakin aljihu da dogon layi a wuraren shaƙatawa

Masu sauraro barkanmu da warhaka. Sharhin namu na yau zai leƙa manyan wuraren wasanni da shaƙatawa ne, irin su Disneyland da Six Flags na Amurka, inda magidanci kan shafe watanni yana tara kuɗi domin ya kai iyalinsa su hau lilo, su sha kallo na yini ɗaya ko biyu. Kamfanonin da suka mallaki waɗannan wurare suna ta tsuke bakin aljihu don faranta ran masu hannun jari, suna kuma shelar cewa burinsu shi ne baƙo ya koma gida da farin ciki. Ana iya haɗa biyun, amma ya danganta da inda aka sa almakashi.

Abin ya samo asali ne daga annobar korona. Disneyland da ke Kalifoniya ya kasance a rufe tun daga watan Maris na 2020 har ƙarshen Afrilun 2021. A watan Satumban 2020 kamfanin Disney ya sanar da sallamar ma'aikata 28,000, daga baya adadin ya kai 32,000, akasarinsu daga sashen wuraren shaƙatawa. Wannan kam dole ce ta sa, domin ba baƙo ba ciniki. Inda gizo ke saƙa shi ne bayan an sake buɗe ƙofa: abubuwa da dama da aka janye ba su dawo ba, waɗanda suka dawo kuma sun dawo ne da farashi a goshinsu.

Tun 1999 Disney ke da wani tsari mai suna FastPass, wanda ke ba kowane mai tikiti damar kama gurbi a lilo, ya tafi yawonsa, ya dawo a lokacin da aka ba shi ba tare da tsayuwa a dogon layi ba, kuma ko sisi ba ya ƙarawa. A 2021 aka maye gurbinsa da Genie+, wanda ya fara a kan dala 15 ga mutum ɗaya a rana a Fulorida, dala 20 a Kalifoniya. Zuwa ƙarshen 2024 har an fito da wani tikitin tsallake layi na alfarma da a lokacin yake kai dala 400 a yini. Haka ma motar da ke ɗaukar baƙi kyauta daga filin jirgin saman Orlando da ke Fulorida zuwa otal-otal ɗin Disney tun 2005, an dakatar da ita daga farkon 2022.

Mu ɗan tsaya a kan batun layi, domin a nan ne baƙo ke yanke hukunci a kan yininsa gaba ɗaya. A ce lilon nan mai kama da jirgin ƙasa yana ɗaukar mutum 24, kuma yana tashi bayan kowane minti ɗaya da rabi. A awa guda zai kwashi mutum 960. To a ce an ajiye tarago ɗaya a rumfar gyara don rage kuɗin kayan gyara, an kuma rage masu duba bel ɗin kujera daga huɗu zuwa biyu, har tashin ya koma bayan kowane minti uku. Yanzu mutum 480 kawai zai ɗauka. Wanda da zai jira minti 40 sai ya jira 80, a tsaye cikin rana, da yaro a kafaɗa yana kukan ƙishi, ƙaramin kuma yana neman a kai shi ban-ɗaki bayan an ci rabin layi. A littafin akanta an yi tsimin albashin mutum biyu. Shi kuwa uban yaran nan ya biya kuɗin yini cur, ya tashi da hawa lilo huɗu maimakon takwas.

Abin da ya fi damuna shi ne, da zarar kamfani ya fara sayar da hanyar tsallake layi, to dogon layin ya zama masa haja. Iya tsawon layi, iya yawan masu zaro kati su biya. Kuma duk kujerar da aka ba mai tikitin gaggawa, daga bakin na layin gama-gari aka cire ta. Ban ce akwai kamfanin da ke tsawaita layi da gangan ba. Amma tsarin ya rage wa manaja kwaɗayin gajarta shi, kuma iyalin da ba su da halin ƙarin kuɗi suna kallon ana wuce su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ɗacin ba ya gushewa da wasan wutar da ake rufe dare da shi.

Baƙi kuwa suna mayar da martani da ƙafafunsu. A 2022 shugaban Six Flags na lokacin, Selim Bassoul, ya ɗaga farashi ya soke rangwame iri-iri da nufin jawo masu hannu da shuni. A shekarar, yawan maziyarta ya faɗi da kusan kashi 26 cikin ɗari, zuwa kimanin miliyan 20. A Disney ma, bayan dawowar Bob Iger kan kujerar shugabanci a Nuwamban 2022, ya amsa da bakinsa cewa mai yiwuwa sun ɗan wuce gona da iri a wasu farashin. A Janairun 2023 aka soke kuɗin ajiye mota na dare da ake karɓa daga masu kwana a otal-otal ɗin kamfanin na Fulorida tun 2018. Wata guda bayan haka Iger ya sanar da shirin rage kashe dala biliyan 5.5 da kuma guraben aiki 7,000 a faɗin kamfanin. Ke nan a lokaci guda ana iya tsimi a wani ɓangaren, a kuma sassauta wa baƙo a wani.

Akwai wani wuri a jihar Indiyana mai suna Holiday World, mallakar iyali guda. Tun shekarar 2000 suke ba da lemon sha kyauta iya shan mutum; ajiye mota da man kare fata daga zafin rana ma kyauta ne. Ba sadaka suke yi ba, sun sa lissafin a cikin kuɗin tikiti. Sun dai fahimci cewa mutum ya fi yarda ya biya sau ɗaya a bakin ƙofa, a kan a yi ta tatsarsa kaɗan-kaɗan a kowane lungu har ya ji an mayar da shi saniyar tatsa.

Sai ma'aikaci. Yarinyar da ke ɗaure wa yaro bel, da mai shara, da mai sayar da tikiti, su ne kamfanin a idon baƙo, domin ba zai taɓa haɗuwa da shugaban hukumar gudanarwa ba. Idan albashi bai taka kara ya karya ba, ƙwararru kan tafi, a cike gurbinsu da sababbin hannu da ba su san yadda ake sallamar tarago cikin hanzari ba, balle lallashin uwar da ɗanta ya ɓace a cikin taro. A 2024 sai da mambobin ƙungiyoyin ƙwadago masu wakiltar ma'aikatan Disneyland kusan 14,000 suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da yajin aiki kafin a daidaita a kan mafi ƙarancin albashin dala 24 a awa. Kuma bayan albashi, a ba ƙaramin ma'aikaci ikon warware ƙaramar matsala nan take: ya sauya abincin da ya zube, ya ba da takardar dawowa idan lilo ya tsaya, ba sai an kira shugaban shugabansa ba.

Wurin da almakashi bai kamata ya kusanta ba sam shi ne gyara da lafiyar na'urori. A Oktoban 2016 mutum huɗu suka rasu a wani lilon ruwa a Dreamworld da ke Ostireliya. Binciken da ya biyo baya ya gano cewa an shafe kusan shekara 30 ba a yi wa lilon cikakken nazarin haɗari ba, kuma a 2020 kotu ta ci kamfanin tarar dalar Ostireliya miliyan 3.6.

To ina za a rage? A ofisoshi, a ayyukan da suka maimaita juna, a kwangilolin sayen kaya. Lokacin da Six Flags da Cedar Fair, wani kamfanin wuraren shaƙatawa, suka haɗe a Yulin 2024, sun yi alkawarin tsimin dala miliyan 120, kuma irin wannan haɗewa na da ofisoshi biyu-biyu da za a iya dunƙulewa. Idan kuma dole sai an taɓa abin da baƙo ke gani, a faɗa masa gaskiya tun kafin ya sayi tikiti: lilo kaza a rufe yake, ƙarfe kaza za a tashi. Gara a rufe wurin a ranakun da ba kasuwa, a buɗe shi da cikakkun ma'aikata a sauran, da a buɗe kullum rabi da rabi. Sannan a ɗaura ladan manaja a kan yawan lilon da baƙo ya samu hawa da yawan waɗanda suka sake dawowa, maimakon kuɗin da aka tatsa daga kowane kai kaɗai. Tun da kamfanin Universal, abokin gasar Disney, ya buɗe sabon wurinsa na Epic Universe a Orlando a watan Mayun 2025, iyalin da aka ɓata wa rai a wannan garin suna da wata ƙofar da za su nufa ba tare da sun sauya tikitin jirgi ba.