Masuntan Argungu a kan takarda

SA'ADATU: Jama'a, assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Birnin Kebbi. Tun makon jiya saƙonninku suke shigowa a kan hoton nan na masuntan Argungu da ya zagaya wayoyi, kuma tambayar da aka fi yi ita ce: zane ne, ko na'ura ce ta buga shi? Malam Bello, tunda mai aikin ɗiyar yayarka ce, ga fili.

BELLO: Na gode, Malama Sa'adatu. Ba na'ura ba ce, kuma ba irin zanen alƙalami da muka saba gani ba ne. Yarinyar tana karatun zane-zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kuma da ta zo hutu na zauna kusa da ita na kalli aikin tun daga farko. Akwai wani falankin roba mai ɗan tauri da suke kira lino. Ta zana masuntan a kansa da fensir, sannan ta ɗauki 'yan wuƙaƙe masu baki kamar kwata, ta riƙa ƙwaƙule duk inda take so ya fito fari. Abin da ta bari a tudu shi ne zai sha tawada. Ta mirgina masa tawada, ta kifa takarda, ta yi ta murza bayanta da cokalin cin abinci, domin ba ta da injin matsewa a gida.

NASIRU: Cokali kuma, Malam?

BELLO: Cokalin mahaifiyarta, kuma har yau ana cigiyarsa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ragar homa. Kowane ido na ragar sai da ta sassaƙe shi ɗaya bayan ɗaya, ta bar zaren siriri a tsaye, kuma idan hannu ya goce ya yanke zare ɗaya, babu magogin da zai mayar da shi. Na gan ta ta yi shiru tana kallon wani wuri da wuƙa ta zarce a gefen goran da masunci yake kwance a kai, can sai ta faɗaɗa yankan ya zama hasken rana a kan ruwa.

SA'ADATU: Amma na ji an ce bugun farko bai yi daɗi ba.

BELLO: Wa ya faɗa miki? To, gaskiya ne. Ta rubuta Argungu a ƙasan falankin daidai yadda ake karantawa, ta manta cewa abin da aka buga yana fitowa a juye, kamar a madubi. Da ta ɗaga takardar sai ga sunan garin ya taso daga dama zuwa hagu.

NASIRU: Ashe ta ƙirƙiro mana boko mai tafiyar ajami.

BELLO: Abin da kakarta ta faɗa ke nan, ta ce a bar shi haka, ai yanzu ne rubutun ya yi ladabi.

NASIRU: To, ina ba da shawarar a kai wa masu buga rigunan 'yan siyasa wannan dabara, domin wanda ya tsaya gaban madubi shi kaɗai zai san wa yake goyon baya, kuma riga ɗaya za ta shiga kowane taro lafiya.

SA'ADATU: Malam Nasiru, kada ka jawo mana magana. Sai dai ka taɓo abin da wani mai sauraro daga Jega ya tambaya: mene ne bambancin wannan karatu da aikin masu buga riguna da katin biki a kasuwa?

BELLO: Dangin juna ne, kuma ni ban yarda a raina na kasuwa ba, domin bugun riga ta hanyar matsa tawada ta cikin raga su ma ɗalibai suna koyonsa. Bambancin yana wajen wanda ya yanke shawarar abin da za a zana. A shekararta ta farko, duk abin da take nuna mini kwaikwayo ne daga waya: furannin da ba sa tsirowa a ƙasarmu, da fuskokin mutanen da ba ta taɓa gani ba. Hannun yana da kyau, amma aikin ba nata ba ne. Sai da ta je Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu da littafin zanenta, ta kuma zauna bakin kogin Matan Fada tana zana masunta suna gyaran homa, sannan na fara ganin ta a cikin aikinta. Kuma ba ita ta fara wannan tafiya ba. A 1958, a wannan makaranta ta Zariya tun kafin ta zama jami'a, wasu ɗalibai irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiya, suka ce za su karɓi dabarun Turawa amma su zana abin gida. Su ne ake kira 'yan tawayen Zariya. Shi Onobrakpeya a bugun hoto ya yi suna, kuma dabarar da aka fi saninsa da ita daga kuskure ta samo asali, lokacin da sinadari ya ɓata masa farantin bugu a 1967, ya cike ramukan da gam ya buga a haka.

SA'ADATU: Wato kana so ka ce...

BELLO: Bari in ƙarasa, Malama. Mu nan ba baƙin wannan sana'a ba ne. Mai sassaƙar ƙwarya yana ƙwaƙule wani wuri ya bar wani, mai zayyanar allo ya san yadda ake raba fili da layi, kuma dagin da ke jikin gine-ginenmu da rigunanmu tsari ne da wani ya zauna ya auna. Bikin kamun kifin da ta zana ma tun 1934 ake yin sa, UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, amma sau nawa muka ga hotonsa daga hannun ɗan gida?

NASIRU: Ni lambar da ke ƙasan hoton ce ta ɗaure mini kai, 7/20.

BELLO: Guda 20 ta buga daga falanki ɗaya, wannan shi ne na 7, kuma da fensir ake rubuta lambar tare da sa hannu. Idan ta cika 20 ba za ta ƙara ba, shi ya sa...

SA'ADATU: Malam Bello, mai ɗaukar sauti yana nuna mini agogo. Mun yi niyyar tattauna farashi da inda ɗalibi zai sayar da irin wannan aiki a Kebbi, sai dai mu ɗaga shi zuwa mako mai zuwa.

NASIRU: A taya ni tambaya ko wanda ya fito a juyen yana nan, ni shi nake so.

BELLO: Yana rataye a ɗakin kakarta, kuma ta ce ba na sayarwa ba ne. Sai mun sake haɗuwa.