Dogon farin lens a falon da bai wuce taku biyar ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Daga Shinjuku nake magana, a birnin Tokyo, ku yi haƙuri da ƙarar jirgin ƙasa da kuke ji. Yau raina a ɗan ɓace yake. Bidiyon wani kamu aka turo min daga Jos, a wani falo da bai wuce taku biyar ba. Mai hoton ya rataya dogon farin lens ɗin nan, wato gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara, 70-200, yana ta ja da baya yana neman amarya ta shiga hoto, har ya bugi bango, saura kaɗan ya zauna a kan kular abinci. Lens ɗin nan sabonsa ya haura dala 2,000, nauyinsa kusan kilo ɗaya da rabi, amma a wannan ɗakin ba abin da zai kama sai hanci da ɗankunne. An saye shi ne don a gani a ce ƙwararre ya iso. Haba ɗan'uwa!

To ku matso, 'yan uwana masu hoto na Jos da Abuja. Lambar nan ta milimita da ke jikin lens ba daraja take nunawa ba, faɗin abin da zai kwaso take gaya maka. Ƙaramar lamba, kamar 18 ko 24, tana kwaso ɗaki gaba ɗaya. Babba, kamar 85 ko 200, tana jawo na nesa ta matse fili. Amma lambar kaɗai ba ta isa ba sai ka san girman sensar kyamararka, wato ɗan allon da ke cikinta wanda haske ke sauka a kai ya zama hoto. Yawancin waɗanda ke hannunmu, irin su Canon 600D, 700D, 80D, ko Nikon D3200 da D5300, ƙaramar sensa gare su. In Canon ce ka ninka lambar sau 1.6, in Nikon ko Sony ce sau 1.5. Wato 50mm a kan 700D tamkar 80mm ne a kan babbar sensa irin ta 5D ko 6D. Shi kuwa 70mm ya koma 112.

Ga abin a ƙasa. Kana son mutum a tsaye, daga ɗankwali har takalmi, ka juya kyamara a tsaye, kuma ƙaramar sensa ce. Da 70mm sai ka ja baya kusan mita 6. Da 50mm, mita 4 da ɗoriya. Da 35mm, mita 3. Da 24mm, mita 2 sun ishe ka. Yanzu tuna falon gidajenmu na Gangare ko Unguwar Rogo, cike da ƙawayen amarya sun sha anko, ga kujeru, ga tabarma. Ina za ka samo mita 6? Shi ya sa duk wanda ya ce maka “fara da 50mm” ba tare da ya tambayi kyamararka ba, rabin shawara ya ba ka. A ƙaramar sensa, 35mm f/1.8 na Nikon ko ɗan falalen 24mm f/2.8 na Canon sun fi amfani a cikin gida. Shi 50 ka bar wa hoton fuska da kafaɗa.

Sai dai kada murnar faɗi ta kwashe ka. Ka matsa kusa da fuska da 18mm, hanci zai kumbura, kunne ya gudu baya. Wanda kuma ya faɗo a gefen hoto zai yi faɗi kamar an ja shi. Ka sa uwar amarya a gefe da 18mm ka ga ko za a sake kiranka suna.

Lamba ta biyu, wadda ke bayan harafin f, ita ce ta fi ci min rai, don ita mutane suka fi yin biris da ita. Girman ƙofar da haske ke bi take nunawa, kuma lissafinta a juye yake: ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Daga 2.8 zuwa 4 haske ya ragu da rabi, daga 4 zuwa 5.6 ya sake raguwa da rabi. Lens ɗin da ke zuwa tare da kyamara, 18-55, an rubuta masa f/3.5-5.6. Ma'ana da ka zuƙo zuwa 55 ƙofar ta tsuke ta koma 5.6. Shi kuwa 50mm f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na wancan. Ninki goma fa! A wurin dina da aka rage fitilu, ko wuta ta ɗauke ana jiran janareta, wannan ne bambancin hoto mai tsafta da wanda ka tura ISO sama, wato ka tilasta wa kyamara ƙara masa haske, har ya yi yashi-yashi.

Amma ina gargaɗinka, f/1.8 wuƙa ce mai kaifi biyu. Da 50mm a f/1.8, mutum yana mita 2 daga gare ka, abin da zai fito tar bai wuce zurfin santimita 11 ba. Ango ya ɗan gota amarya da kafaɗa, ɗayansu ya dushe. Hoton dangi mai layi biyu ko uku kuwa, koma f/5.6 ko f/8, ka ƙara filas. Na sha ganin hoton ɗaurin aure inda hular na gaba kaɗai ta fito, sauran kamar a cikin hazo, mai hoton kuma yana zargin kyamara.

Wani abu da ake ruɗa mutane da shi: IS a Canon, VR a Nikon, OSS a Sony. Rawar hannunka yake gyarawa, ba motsin wanda kake ɗauka ba. Masu rawa a fili sai shota, wato saurin ƙiftawar kyamara, ta kai 1/250 na daƙiƙa ko ta fi haka sauri, ko da me aka rubuta a jikin lens. In babu wannan na'urar kuma, kada shotarka ta gaza lambar lens bayan ka ninka: 200mm a ƙaramar sensa na son 1/320.

Kai, maganar haske ta tuna min gida. Nan suna da kaya, ba musu, bene hawa-hawa ba komai ciki sai kyamara. Amma hasken la'asar na Jos bayan an ɗauke ruwa, ya sauka a kan duwatsun Shere, iska ta wanke tas a tudun da ya kai mita 1,200, wannan ba a sayar da shi a kanti. Ba banza ba makarantar koyon fim ta ƙasa take garinmu. Ka ɗauki 18-55 ɗin da kake rainawa, ka sa shi a f/8, ka je Riyom ko Assop da sassafe, za ka dawo da abin da mai kayan miliyoyi zai yi ƙyashi. Ga soyayyen dankali da ƙwai a hanya... bari dai in yi shiru kafin yunwa ta tashi.

Mu koma kan baki, wato inda lens ke ɗaurewa a jikin kyamara, don nan ne kuɗi ke ƙonewa. Canon ta fito da bakin EF a 1987, ta kawo RF a 2018. Lens ɗin EF yana hawa kyamarar RF da adafta, amma na RF ba ya hawa tsohuwar kyamara ko ta halin ƙaƙa. Na EF-S, wato na ƙaramar sensa, mai alamar farin murabba'i, ba ya shiga 5D ko 6D; na EF mai jan ɗigo ne ke shiga duka. Masu kyamarar Canon M50 ku kula, lens ɗinku na EF-M ba zai bi ku zuwa RF ba. A Nikon kuma ga tarko: jerin D3000 da D5000 ba su da injin fokas a jikinsu, wato abin da ke saita hoto ya fito tar. Ka sayi 50mm f/1.8D don ya fi araha, zai ɗauru lafiya lau, amma ba zai nemo fokas da kansa ba har abada. Nemi mai AF-S, mai nasa injin a jiki, wato f/1.8G. Don haka in za ka Banex a Abuja ko Terminus a Jos sayen lens, tafi da kyamararka a hannu. Kada ka saya ta waya.

Na hannu ba laifi ba ne, lens yana daɗewa fiye da kyamara nesa ba kusa ba. Abin da ya burge ni a nan shi ne kowanne an liƙa masa matsayi, A ko AB ko B, an rubuta aibinsa a takarda, waɗanda suka lalace kuma an zuba su a kwando daban. A gida kai ne mai dubawa. Cire murfi gaba da baya, haska tocilar waya ta ciki, ka leƙa ta ɗaya ɓangaren. 'Yar ƙura ba komai, ba ta fitowa a hoto. Amma in ka ga zare-zare kamar saƙar gizo-gizo, fumfuna ce, ajiye shi. In ka ga kamar hayaƙi ya kwanta a gilashin, shi ma ajiye. Karce a gilashin baya ya fi na gaba illa. Murɗa zoben zum, wato na zuƙo hoto, da na fokas ka ji ko yana cijewa ko yana ƙarar yashi. Sannan ka ɗauki bango mai rubutu a mafi buɗewar ƙofa, ka duba kusurwa huɗu; in gefe ɗaya ya dushe ɗayan ya fito, ya taɓa faɗuwa.

Fumfunar nan danshi ke kawo ta. Mutanen nan akwatin busarwa suke saya, su tsayar da danshi tsakanin kashi 40 zuwa 50. Kai da damina a Jos, robar abinci mai murfi mai kama iska da 'yan ƙunshin silika, irin wanda ke zuwa a kwalin takalmi, sun wadatar. Kada ka bar shi a jakar fata cikin durowa wata uku. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba: zum yana shaƙar iska yana fitarwa duk sanda ka murɗa shi. Canza lens a cikin mota ko ɗaki, kyamara a kashe, bakinta yana kallon ƙasa. Kuma don Allah a daina gogewa da bakin riga; hura da ɗan famfon roba tukuna, sannan ƙyalle mai laushi. 'Yan Abuja, ku da kuke fitowa daga mota mai sanyin AC zuwa cikin danshin damina, gilashi zai yi gumi. Bar shi a rufe cikin jaka minti goma zuwa sha biyar kafin ka buɗe.

Shi farin dogon fa? Yana da wurinsa, ban ce ba shi da shi ba. Filin idi, wasan folo, babban zauren taro a Abuja inda ba za a bar ka ka matsa kusa da manya ba, nan yake sarki. Amma in aikin bai kai sau biyu a wata ba, yi haya. Mai ƙaramar sensa da ke son abu ɗaya da zai yi masa biki daga kamu har walima, 17-50mm f/2.8 na Sigma ko Tamron zan nuna masa, ya haɗa da 50mm f/1.8. In yana son nesa da rana, 55-250 na Canon mai IS ya fi 75-300 ɗin da ake yawan haɗawa a kwali, wanda ba shi da abin tsayar da rawar hannu.

Masu kantin kyamarar nan sun fara jan ƙofa, bari in shiga kafin su rufe. Akwai wani 35mm da na hango a kwandon lalatattu tun ɗazu, ina so in haska masa tocila mu gani tare.