Hasken da ke cikin tekun nan ba na rana ba ne

Akwai wani bidiyo da ake ta yaɗawa: teku cikin dare, ruwa na ƙyalli shuɗi. Wasu sun ce aikin kwamfuta ne, wasu sun ce ruwan ne ya sha hasken rana yake amayarwa. Ko ɗaya ba haka ba ne. Wasu mitsi-mitsin halittu ne a cikin ruwan suke ƙera haskensu da kansu duk lokacin da aka motsa su.

Bari mu ɗauki makesu, ƙwaron nan mai walƙiya da dare, don nasa ya fi sauƙin bi. A cikinsa akwai sinadari mai suna lusiferin, da wani furotin, lusiferes, mai haɗa shi da iskar oksijin. Sai kuma ATP, makamashin da ke cikin kowace ƙwayar halitta mai rai.

To, a nan ake ɓacewa, ku natsu. Da lusiferin ya haɗu da oksijin, sai ya rikiɗe ya zama sabon sinadari mai ɗauke da rarar ƙarfi. Ba zai iya riƙe ƙarfin ba, dole ya sauke. Da itace ne ke ci, yawancin ƙarfin da zafi zai fita. Nan kuwa haske yake fitowa, kusan babu zafi. Shi ya sa makesu bai taɓa ƙona kansa ba. Babu ajiyar haske, nan take ake yin sa.

Masana ba su bar wannan ya wuce su ba. A goge teburin asibiti da ɗan auduga, a tsoma cikin sinadaran: in ya yi haske, akwai ATP, ke nan wankin bai fita ba. Sukan kuma dasa wa ƙwayoyin ciwon daji umarnin yin lusiferes, su bi yaɗuwarsu a jikin ɓera da kyamara.

Akwai kuma GFP, wani furotin mai ƙyalli kore, wanda Osamu Shimomura ya gano a jikin jelifish, wata halittar teku, a 1962, ya kuma kai shi ga kyautar Nobel a 2008 tare da Martin Chalfie da Roger Tsien. Sai dai shi ɗan aro ne, kuma ni cakuɗa shi da lusiferin da ake yi na ba ni haushi: sai an haska masa shuɗi yake mayar da kore.