Yini guda a tsohon birnin Fas, daga ƙofar gari zuwa majema

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da safiya. Yau ga ni a Fas, ƙasar Maroko, ina tsaye a bakin ƙofar da ake kira Bab Bujulud. Ku dubi adon jikinta: ta waje shuɗi ne, in ka shige ka waiwayo sai ka ga kore. Ita ƙofar a 1913 aka gina ta, amma garin da ke bayanta ya haura shekara 1,200. Idrisu na ɗaya ne ya kafa shi wajen shekarar 789, ɗansa Idrisu na biyu ya zo ya faɗaɗa. To bismillah, mu shiga.

Mota ba ta shigowa nan, ba ma inda za ta bi. Wannan hanyar da muke gangarawa sunanta Tala'a Kabira, ita ce babba a cikinsu, amma a wasu wuraren mutum uku ba sa jerawa. Kun ji wannan kiran? "Balak! Balak!" Wato a kauce. Bari in manne da bango. Alfadari ne ɗauke da tukwanen gas, mai shi na biye. Haka kaya suke shigowa tsohon gari, a bayan jaki ko alfadari ko a kurar hannu. Ana cewa lungunan sun kai 9,000, kuma tun ɗazu sau biyu ina ɓacewa, sai da wani yaro ɗan makaranta ya raka ni har bakin hanya, Allah ya yi masa albarka.

Wannan ƙarar guduma da ke tashi, dandalin Saffarin ne, wurin maƙeran tagulla. Ga wani dattijo can ya rungume ƙatuwar tukunya tsakanin gwiwoyinsa yana bugu yana juyawa. Daf da su kuma masallacin Ƙarawiyyin ne, wanda wata baiwar Allah, Fatima al-Fihri, ta gina a 859 da dukiyar da ta gada. Har yau ana sallah ana karatu a cikinsa.

Na kashe kyamara na ɗan lokaci, domin na shiga zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a garin nan a 1815. Maƙil take da baƙi daga Sanagal da Mali da Nijar da Najeriya. Ina neman takalmina a bakin ƙofa na ji an ce, "Malam, daga ina?" Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Wani Alhaji ne Bakano, muka gaisa kamar mun shekara da sanin juna.

Yanzu ga abin da ya kawo ni. Muna hawa benen wani shagon dukawa, don ta samansa ake hango majemar Shuwara. A ƙofa sun miƙo mini ganyen na'ana'a in riƙa shaƙa saboda wari. Na karɓa na gode, amma ni warin nan ba baƙo ba ne a wurina, na san shi tun ina yaro a unguwar majema.

Ku duba ƙasa. Waɗancan fararen ramukan ruwan farar ƙasa ne, nan ake fara jiƙa fata har gashi ya saki. Daga nan sai a kai ta ramin kashin tattabara, shi ke sa ta yi laushi. Su kuma masu launin nan na rini ne, ga ja, ga ruwan ƙasa, ga shuɗi. Kun ga wancan mutumin? Ya shiga rami har cinya, yana tattaka fatu da ƙafa, ya sunkuya ya ɗago guda tana ɗigar ruwa, ya jefa bakin rami, ya sake sunkuyawa. Tun da na hau nan bai miƙe bayansa ba. Fatun da za a rina rawaya kuwa ba a tsoma su, shimfiɗa su ake yi a kan rufin ɗaki ana shafa musu launin da hannu.

Abin da ke cina a rai shi ne, fatar nan da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko suna rufe littattafansu masu tsada da ita, kaso mai yawa daga ƙasarmu ta fito. Fatar jar akuyar Sakkwato ce, majemanmu suka jeme ta da bagaruwa, aka rina da karan dafi, ayarin raƙuma ya tsallaka da ita Sahara. Da yake daga tashoshin jiragen ruwan Arewacin Afirka ta isa Turai, sai sunan ya bi wanda ya miƙa. Na faɗa wa mai shagon haka da ɗan Larabcina, ya gyaɗa kai, ya ce Kano ba baƙon suna ba ne a wajensa.

Ban zo yi musu gori ba, sun riƙe sana'arsu sun kuma riƙe ganuwarsu, tun 1981 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa garin cikin kayan tarihin duniya. Ina kallon ramukan nan ne ina tuna marinar Ƙofar Mata, ramuka nawa ne suka cike da ƙasa, da badalar Kano da ake ta yanka ana gini a kai. Hannun da ya iya aikin nan muna da shi har gobe, mai zuwa kallo da mai saye ne suka yi ƙaranci.

Ga takalman da na zaɓa, masu ruwan ɗorawa, irin wanda dattawansu ke sawa da jallabiya ranar Juma'a. Na Baba ne. Ku ga ɗinkin, da hannu aka yi shi, kuma in ka naɗe fatar a tafin hannu ka saki sai ta koma yadda take. Mun ɗan ja ciniki, ya kawo shayi, muka daidaita. Ga kiran sallar La'asar can ya fara tashi daga masallaci zuwa masallaci, bari in sauka in nemi hanyar Ƙarawiyyin kafin a tayar.