Jawabin Maraba ga Mai Girma Jakada a Ɗakin Gwajin Sharar Tankunan Hanford

Mai girma Jakada, 'yan tawagarsa, abokan aiki, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, barka da zuwa garin Richland na jihar Washington, sannu da hanya. Mun gode da ka tako da kanka.

Filin Hanford da ka ratsa, a bakin kogin Kolambiya, nan Amurka ta kafa a 1943 don sarrafa sinadarin fulutoniyam na bam ɗin nukiliya. An daina wannan aiki tuni, amma ya bar mana tankuna 177 binne a ƙasa, ɗauke da sharar nukiliya kusan galan miliyan 56. Guda 149 bangonsu falle ɗaya ne, kuma ana zargin 67 sun yi yoyo.

Babbar matsalar ita ce an daɗe ana juye sharar wannan tanki cikin wancan, har ta kai takardun da aka ajiye ba su isa shaidar abin da ke cikin kowane tanki ba. Wata ruwa ce, wata taɓo, wata ta daskare ta zama gishiri. Ana son narka ta da gilashi, to wa zai narka abin da bai san haɗinsa ba?

A da, don gano haɗin sharar, sai an jiƙa samfuri a ruwan asid, aiki mai cin lokaci, ga ƙarin shara, ga ma'aikaci kusa da tururin nukiliya. Na'urar da za ka gani ta rage wannan wahala. Ana ajiye samfurin bayan bango mai kauri da hannayen ƙarfe, hasken leza ya ɗan ɓantari samansa. Iskar agon ta kwashi ƙurar zuwa wuta mai zafin dubban digiri, na'urar ta jera ƙwayoyin zarra gwargwadon nauyinsu: ga yuraniyam, ga fulutoniyam, ga siziyam.

Ba za mu zuga ta fiye da kima ba, ranka ya daɗe. Ɗigo take gani, tanki kuwa wani yana cin galan miliyan guda, sama daban ƙasa daban. Dole a harba leza wurare da yawa. Kuma ƙwayoyin zarra na siziyam 137 da bariyam 137 nauyinsu kusan ɗaya ne, sai an yi hattara kada a ɗauki wannan a matsayin wancan. Shi ya sa har yanzu muke gwada sakamakonta da na tsohuwar hanya.

Za a maƙala maka ɗan ma'aunin tururin nukiliya a gaban riga, dokar wurin ce ga kowa. Bismillah, ranka ya daɗe, mu shiga.