Amsoshin Tambayoyinku: Karance-karance da Makin JAMB

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka daga nan Jos. Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wata baiwar Allah a Unguwar Rogo. Ta ce ɗanta yana ajin ƙarshe na sakandare, zai zauna JAMB, jarrabawar shiga manyan makarantu, bana, amma kullum yana riƙe da jarida ko littafin labari na Turanci. Babansa ya ce ɓata lokaci ne, ya ajiye su ya rungumi tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Wa ke da gaskiya?

Hajiya, mun gode. Don Allah kada a raba yaron nan da littattafansa. Mu yi lissafi tare. Jarrabawar darussa huɗu ce: Turanci tambaya 60, sauran ukun 40 kowanne, jimilla 180, cikin awa biyu a gaban kwamfuta. Kin ga kowace tambaya daƙiƙa 40 ce rabonta. Yaron da sai ya maimaita jimla sau uku kafin ya gane inda ta dosa, ko ya san amsar, lokaci zai ƙure masa. Kuma ba a takardar Turanci kaɗai ba, tambayar Kimiyyar Halittu ko ta Tattalin Arziki ma da Turanci take zuwa. Wannan saurin ganewa ba a samunsa a lesin na wata biyu. A hankali yake taruwa, shafi bayan shafi, kuma shi ɗanki yake tarawa.

A 2025, cikin ɗalibai kimanin miliyan 1.9 da suka zauna, sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Ban ɗora duka a kan rashin karatu ba, domin hukumar JAMB da kanta ta amsa cewa an samu tangarɗar na'ura a wasu cibiyoyin Legas da kudu maso gabas. Amma abin yana damuna ƙwarai, yadda yaranmu da yawa ba sa buɗe littafi sai jarrabawa ta ƙarato.

Maigida ma yana da tasa gaskiyar. JAMB tana da manhajar karatu da take bi, labari kuma ba zai koya wa yaro Lissafi ba. Ya ware wa tsofaffin tambayoyi lokacinsu, yana duba agogo. Ki kuma shaida wa Alhaji cikin lalama cewa hukumar kan ware littafin labari guda da take ciro tambayoyi daga cikinsa a takardar Turanci.

Sai wani ɗalibi daga Gangare, ya ce shi littattafan Hausa yake karantawa a waya, ko za su taimaka?

Ƙanena, za su taimaka. Wanda ya saba zama awa guda a kan rubutu ya riga ya yi nisa, kuma Hausa tana cikin darussan da ake zaɓa a JAMB. Sai dai ka haɗa da na Turanci, ko shafi biyar ne a rana, kana rubuta baƙin kalmomi a ɗan littafi. Idan a waya za ka karanta, kashe data tukuna.

Bari mu ɗauko wasiƙa ta gaba.